Fim mai dogon zango: a rubuta ƙarshen labari kafin a kunna kyamara

Duk mai bin fina-finan Hausa masu dogon zango ya san lokacin da labari ya ƙare amma shirin ya ƙi tsayawa. Yawanci a zango na uku ko na huɗu abin ke bayyana. Mutumin da aka yi wa jana'iza a gaban idonmu ya dawo, wai ashe tagwaye ne. A sake sace yarinyar da aka riga aka sace aka ceto. Ko wata gwaggo da ba a taɓa ambaton sunanta ba ta diro daga ƙauye ɗauke da wasiyyar da za ta rushe duk abin da aka yi wata shida ana ginawa. Masu kallo su yi ta cewa "don Allah ku ƙarasa mana haka nan", masu shirin kuma su nuna adadin waɗanda suka kalla su ce ai jama'a ne ke so. Ni a ganina jan labari ya fi kowace matsala cutar da wannan sana'a a yau, ya fi ƙarancin kuɗi, ya fi rigimar rawa da waƙa da aka daɗe ana yi. Kuma maganinsa yana hannun masu shiryawa: kada a ɗauki fitowa (wato "scene") ko ɗaya sai an san a kashi na nawa labarin zai ƙare, da yadda zai ƙare.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa na bidiyo ya rayu ne a kan kaset, sannan faifan CD, ana kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano su rarraba. Fim na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku da na huɗu, amma dai labari ne mai farko da ƙarshe, wanda za a zauna a gama kallonsa a yini guda. Satar fasaha, masu tura fim a waya, da fassarar fina-finan Indiya suka taru suka kashe wannan kasuwa. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da shirin mako-mako, sai zaman kullen korona na 2020 ya tura masu kallo da masu shiryawa gaba ɗaya zuwa YouTube. Cikin ɗan lokaci marubucin da ya ƙware a labarin awa uku ya wayi gari ana neman ya cika wata uku.

Lissafin yana da sauƙi, kuma shi ne mutane da yawa ba sa yi kafin su fara. Zango mai kashi 13, kowane kashi minti 45, ya kama minti 585, wato kusan awa goma. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya yakan ba da kimanin minti ɗaya a allo, don haka ana maganar shafi kusan 600 a zango guda. Idan fitowa ɗaya tana cin minti biyu, ana buƙatar fitowa wajen 290, kowacce da dalilin zuwanta. Wanda ya shigo da labarin saurayi da budurwa da uban da ya ƙi yarda, labarin da a da zai cika faifai biyu, yana da abin da zai kai shi kashi huɗu ko biyar. Ragowar takwas ɗin fa? A nan ake fara ƙara wa miya ruwa don ta isa baƙi.

Hanyoyin ƙarin sanannu ne, kuma mai kallo zai iya kama su da agogon wayarsa. A fara da maimaita abin da ya faru makon jiya, a ja shi minti uku ko huɗu maimakon daƙiƙa arba'in. Waƙar buɗe shiri ta biyo baya cikakkiya, kowane mako. Daga nan mota ta taho tun daga bakin layi, direba ya yi hon, maigadi ya fito ya leƙa, ya koma ya buɗe ƙofa ɓangare ɗaya sannan ɗayan, motar ta shiga ta tsaya, Alhaji ya fito ya gyara babbar riga, ya taka har ƙofar falo. Babu abin da wannan ya gaya mana sai cewa Alhaji ya dawo gida, abin da hoton daƙiƙa uku zai nuna. A falo kuma a yi gaisuwa cikakkiya: an wuni lafiya, ya aiki, ya gajiya, ya mutanen gida. Gaisuwa al'adarmu ce, ba wanda ya ce a cire ta, amma marubucin da ya san aikinsa yakan sa ta yi aiki. Yadda matar gida ta amsa a daƙile, ko yadda ɗa ya ƙi durƙusawa, shi ne labarin. Idan gaisuwar ba ta ɗauke da komai, a yanke ta a shiga magana.

Wadda ta fi cin rai ita ce maimaita labari ta baki. Mun ga abin ya faru da idonmu. Sai Hajiya ta kira ƙanwarta a waya ta ba ta labarin daga farko. Ƙanwar ta samu mijinta ta maimaita. Mijin ya je majalisa ya sake zayyanawa, a kuma haɗa da hoton tuna baya mai launin toka-toka, don kada mu manta abin da muka gani minti goma da suka wuce. Fitowa huɗu ke nan a kan abu ɗaya. Gwajin da editoci ke yi a ko'ina shi ne su tambayi kowace fitowa: me ya sauya tsakanin farkonta da ƙarshenta? Wani ya san abin da bai sani ba, ko ya yanke shawara, ko ya rasa wani abu? In amsar babu, fitowar ta tafi. Da za a bi wasu shirye-shiryen da wannan almakashi, kashin minti 50 zai dawo 25, kuma ba wanda zai ce ya ɓata a labarin.

Masu shiryawa ba don mugunta suke yi ba, tsarin biyan kuɗin ne ke tura su. Kafin YouTube ya fara biyan tasha kuɗin talla sai ta tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Bidiyon da ya kai minti takwas ne ake iya sa masa talla a tsakiya, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon wuraren da za a cusa tallar. Mai tasha yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin, kamfanin ya riƙe sauran. Ga shi kuma abin da masu talla ke biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kai na mai kallo daga Turai ko ƙasashen Larabawa ba, don haka sai an tara kallo mai yawan gaske kafin a mayar da kuɗin mai, abinci, hayar gida da sallamar 'yan wasa. Ƙara da tallar da ake karɓa kai tsaye daga masu maganin gargajiya, masu atamfa da masu sayar da filaye, wadda ake biya kashi-kashi. Kowane ƙarin mako ƙarin kuɗi ne. Wanda ya samu shiri ya karɓu, da wuya ya yarda ya rufe shi da hannunsa.

Na fahimci wannan, amma akwai wanda ake mantawa da shi a lissafin. Mai kallo ba kyauta yake kallo ba. Awa ɗaya a YouTube tana cin data wajen megabait 300 in an rage ingancin hoto, ta haura 500 in an ɗaga shi kaɗan, kuma tun farkon 2025 da aka amince wa kamfanonin sadarwa na Najeriya ƙarin kashi 50 cikin 100 na farashi, data ta zama abin da ake auna ta. Matar aure da ta saya daga kuɗin cefane, ko ɗan acaɓa da ya jira dare ya sayi ta tsakar dare, ya biya kuɗin ganin maigadi yana buɗe ƙofa. Irin waɗannan ba sa rubuta ƙorafi. Sukan fara da tsallake wurare da yatsa, daga baya su koma jiran guntayen da ake yankowa a TikTok da Facebook, a ƙarshe su daina gaba ɗaya. Kuma YouTube yana lura da inda mutane ke tsallakewa da inda suke fita. Shirin da ake barinsa a tsakiya, tura shi gaban sababbin masu kallo raguwa yake yi. Duk mai tasha yana da wannan zanen a shafin bayanansa, layin da ke nuna minti nawa mutane suka tsaya. Da za a riƙa buɗe shi a gaban marubuci da edita duk mako, da gardamar ta ragu.

Babbar ɓarnar tana faruwa ne idan aka haɗa jan labari da ɗaukar mako-mako, wato a rubuta kashi ranar Asabar, a ɗauka Litinin da Talata, a tace Laraba, a saki Juma'a. Wanda ke aiki a haka ba ya iya dasa abu a kashi na biyu don ya girbe shi a na goma sha ɗaya, saboda shi kansa bai san me ke na goma sha ɗayan ba. Sai ya koma bin sharhin masu kallo: an yaba wa wani ɗan rakiya mai ban dariya, a ƙara masa fitowa har ya danne jarumin, an tsani wata, a mayar da ita muguwar da ba ta da dalili. Halin mutum ya riƙa juyawa ba tare da wani abu ya same shi ba.

Sannan 'yan wasa mutane ne, rayuwarsu ba ta tsayawa jiran shiri. Jaruma ta yi aure ta bar fim, kamar yadda aka saba a wannan masana'anta. Wani ya tafi Umara, wani ya samu aiki mai tsoka a wani wajen, wani a saɓa a kan kuɗi. Ko manyan shirye-shirye ba su tsira ba: lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina, dole aka miƙa matsayin Sumayya ga wata jarumar, masu kallo suka ɗauki lokaci suna gardama a kai. In haka ta samu kamfani mai tsari, ina ga wanda ba ya rubuta yarjejeniya da kowa? Shi ya sa hatsarin mota da tafiya karatu ƙasar waje suka yi yawa a labaranmu. Ba marubuci ne ya tsara su ba, wani ne ya daina ɗaga waya.

Ƙananan abubuwa ma suna tona asiri. An fita daga ɗaki da lalle a hannu, an shiga tsakar gida babu. Gemu ya tsiro tsakanin sallama da amsawa. Fitowa biyu da ake cewa rana ɗaya ce, ɗaya ga ciyawa kore shar, ɗaya ga ƙurar hunturu. Aikin mai kula da kwantiniti ke nan: ya ɗauki hoton kowane ɗan wasa da wayarsa kafin a fara da bayan an gama, ya rubuta wace riga, wane ɗankwali, kofin yana hannun dama ko hagu, ranar labari ta nawa ce. Aiki ne na mutum ɗaya da littafi ɗaya, amma shi ake fara sallama in kuɗi ya yi kaɗan. Sauti kuma shi ne marayan gidan. A sayi kyamara mai tsada, a bar makirufo nesa da baki, a falon tayil marar labule inda murya ke amsa-kuwwa, ga fanka tana juyawa, ga janareta a bayan taga. Gyaran ba tsada gare shi ba: makirufo ya kasance kamar rabin mita daga bakin mai magana, a kashe fanka da firji lokacin ɗauka, a ja janareta nesa da doguwar waya, a shimfiɗa darduma ko bargo inda kyamara ba ta gani, a kuma ɗauki shirun ɗakin na rabin minti don edita ya cike giɓi da shi. Amma mai gudun ya saki shiri jibi ba shi da lokacin wannan, sai ya rufe aibin da kiɗa mai ƙarfi har maganar ta ɓace.

Wani zai ce to ai Daɗin Kowa ya shekara da shekaru ana yi, Samanja ma haka a zamaninsa. Gaskiya ne, kuma a nan ne ya kamata a bambance gini biyu. Akwai shirin da aka gina a kan gari ko unguwa ko bariki, mai gidaje da yawa, wanda in labarin wannan gida ya ƙare na wancan ya taso. Akwai kuma irin na marigayi Usman Baba Pategi (Samanja) da marigayi Ƙasimu Yero a talabijin, inda mutanen ba sa sauyawa amma kowane mako da matsalarsa, a ɗaure ta a kwance ta cikin rabin awa. Waɗannan biyun suna iya daɗewa, don ba su ɗauki alkawarin amsa tambaya ɗaya ba. Shirin da aka gina a kan "wa zai aure ta?" ko "wa ya kashe mahaifinsa?" daban ne. Ya ci bashin amsa tun kashin farko, kuma duk makon da ya ƙi biya, haƙurin mai kallo raguwa yake. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki labari mai tambaya ɗaya a nemi ya yi tsawon rai irin na labarin gari.

A wasan barkwanci abin ya fi saurin lalacewa. Dariya tana son gajarta da bazata. Zamanin camama, wato fina-finan barkwanci masu ƙaramin kuɗi, marigayi Rabilu Musa Ibro da abokan wasansa sukan ƙirƙiri magana nan take, a sake musu kyamara, kuma sau da yawa ta yi kyau saboda baiwar mutum ce ke ɗauke da fitowar. Amma baiwa irin wannan ba kowa ke da ita ba, kuma ko mai ita yana buƙatar editan da zai yanke daidai inda dariyar ta faɗo. Abin da ake gani yanzu shi ne a samu kalma ɗaya ko salon tafiya ɗaya da ya ba mutane dariya a kashi na farko, a yi ta maimaita shi har kashi na talatin. In ya daina aiki sai a koma ihu, zagi, da yi wa masu ƙiba, gajeru, masu in'ina ko 'yan ƙauye dariya. Wannan ba tsiyar ɗabi'a kaɗai ba ce, alamar rubutu ya ƙare ce. Shirin barkwanci na minti 20 zuwa 25, mai matsala ɗaya a kowane kashi, ya fi na awa guda da ake jira a ga inda za a yi dariya.

Abin da nake kira a yi ba sabon ilimi ba ne. Kafin a nemi lokeshin, wato wurin ɗauka, marubuci ya rubuta labarin gaba ɗaya a shafi biyu ko uku, har da fitowar ƙarshe. In ya kasa faɗin ƙarshen a jimla biyu, labarin bai nuna ba. Daga nan a raba shi kashi-kashi, kowane kashi shafi ɗaya: me ya buɗe shi, wane abu ne ya juya a tsakiya, da wace tambaya aka rufe. A wannan matakin ne ake gane ko labarin na kashi 8 ne ko na 13 ko na 26, kuma labarin ne zai faɗa, ba mai talla ba. A yi wa kowane babban mutum na cikin labarin takarda: shekarunsa, danginsa, abin da yake so, abin da yake tsoro, yadda yake magana, don kada a wayi gari marayan kashi na uku yana gaishe da mahaifiyarsa a na ashirin. Marubuta biyu ko uku su zauna tare sun fi ɗaya, ko don a samu mai cewa "wannan mun riga mun yi shi". A biya su kuɗin da zai sa su zauna wata biyu a kan aikin, tunda a yanzu marubuci na cikin waɗanda ake ba mafi ƙanƙantar sallama alhali kowa a kan takardarsa yake tsaye.

In rubutu ya kammala, ɗauka ma sauƙi take yi, kuma a nan ne mai kuɗin zai ga ribar. Ana tattara duk fitowar da ke gidan Alhaji, daga kashi na ɗaya har na ƙarshe, a ɗauke su cikin kwana huɗu ko biyar a jere, a biya hayar gidan sau ɗaya maimakon a riƙa komawa duk mako. Jarumi mai tsada a tsara kwanakinsa a haɗe, ya gama nasa ya tafi. In jaruma ta sa ranar aure bayan an gama, sai dai a je a taya ta murna. A sa hannu a takarda da kowa a kan adadin kwanaki da kuɗi da lokacin biya. Wahalar wannan tsari ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba: yana buƙatar kuɗin zango guda a hannu tun farko, alhali mai ɗaukar mako-mako da kuɗin wannan kashin yake yin na gaba. Amsar ita ce a rage tsawo. Wanda ba shi da ƙarfin kashi 13 ya yi 6 masu kyau, ya nuna wa masu talla kashi biyu da aka gama tacewa, ya sayar musu da zangon a dunƙule.

Tsoron cewa in an rufe shiri masu kallo za su watse, shi ma akwai amsarsa a cikin masana'antar. Labarina ya rufe labarinsa na farko ya buɗe wani da sababbin mutane a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma jama'a suka bi shi. Sunan shiri da tasha su ne jarin, ba wahalar da jaruma ɗaya har abada ba.

Akwai kuma ɓangaren hukuma. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango bisa cewa ana sakinsu ba tare da an kawo an tace ba. Ko me mutum ke gani game da ikon hukumar jiha a kan abin da ake ɗorawa a intanet, wanda ya gama zangonsa kafin ya fara saki ba zai sha wahalar kai shi a duba ba, yayin da mai gama tacewa da asubar ranar saki kullum a makare yake. Ba na goyon bayan hukuma ta shiga ƙayyade tsawon labari ko yawan zango. Wannan ba hurumin gwamnati ba ne, kuma in aka buɗe ƙofar ba a san inda za ta tsaya ba. Gidajen talabijin da masu ba da talla su ne ke da ikon da ya dace: su ƙi karɓar shiri sai sun ga rubutaccen tsarin zangon har ƙarshensa, su kuma sa a rubuta a kashin farko cewa wannan labari kashi kaza ne, don mai sayen data ya san abin da ya shiga.